Agwai, Buɗe Baki Mu Ga Haƙora

Agwai bawana, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga yaron gidansa. Na san idan ban fara da tambayar shanu ba, ba za ka bari a karanta maka sauran takardar ba. To, yaya shanu? Yaya maruƙa? Yaya jar nan da ƙahonta ya hana ta shiga zauren kowa? Uwargida kuwa, in Allah ya sa ka tuna da ita bayan ka gama zagayen garke, ka ce Babarbare na gaishe ta, yana kuma yi mata jajen zama da kishiyoyi masu ƙafa huɗu.

Ƙararka aka kawo mini. Dillalan Cadawa sun kawo, na Gazawa sun kawo, na Gidan Rumji har da rantsuwa. Laifin ɗaya ne. Wai duk ranar kasuwa sai ka shigo kara da sanda a kafaɗa, ba saye ya kawo ka ba, ba sayarwa ba, ka sami inuwa ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka shiga yanke wa shanun mutane hukunci. An kusa sallamawa, mai saye har ya sa hannu a aljihu, sai a ji muryarka daga gefe: "Aradu, wannan ƙugunta ya matse." Shi ke nan, ciniki ya watse, la'ada ta bi ruwa. Da yake ɓarnar bawa a wuyan ubangidansa take, ni aka nema. Na ce su yi haƙuri in tattaro maganganun nan naka na ƙirar shanu, in auna su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da baki, tunda nan ka fi kauri. Kullum cewa kake kada a tambayi mai saniya shekarunta, a tambayi bakinta. A nan kam ka faɗi gaskiya, abin da ba ka saba ba. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri, takwas ɗin duka a ƙasa suke. Na nono ƙanana ne. Wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi sai biyun tsakiya su zube, manya su maye gurbinsu, daga nan bibbiyu suke ƙaruwa har baki ya cika wajen shekara 5. Bayan haka sai gangara: su cinye, su gajarce, giɓi ya shiga tsakani. Na sha ganin yadda kake yi. Yatsu biyu cikin hanci, ka karkata kan gefe, ka janye leɓen ƙasa da ɗaya hannun, ka leƙa, ka saki, sannan ka goge yawun a gaban rigarka, rigar da dama ba ta san sabulu ba. Ka ce zoben da ke gindin ƙaho ma yana ƙirga haihuwa, amma ba ka cika yarda da shi ba, domin mai wayo yakan kankare shi ya shafa mai, guzuma ta fito kasuwa a karsana. Haƙori kuwa ba a yi masa kwalliya.

Sai tozo. Ka ce tozo na ƴan birni ne, su ne ke tsayawa nesa su yaba. To, tozo dai tsoka ce da kitse, yana tsayawa ƙyam da kaka, ya kwanta gefe idan bazara ta yi tsanani, saboda haka ba a banza ake dubansa ba. Amma na yarda da kai cewa hannu ya fi ido a wannan wuri. Kai gindin wutsiya kake dannawa, ka shafa haƙarƙarin ƙarshe, ka kama fatar ka ja ka saki. Ka ce ciki na ruwa ne, gindin wutsiya na kiwo ne, domin ana iya ba dabba gishiri ko kanwa ta kwana da ƙishi, da safe ta ɗirki ruwa ta shigo kasuwa tiɓis, amma babu mai ɗura mata kitse a dare ɗaya. Likitocin dabbobi ma wuraren nan suke dubawa, sai dai su suna ba da maki daga 1 zuwa 5 su rubuta a takarda, kai kuwa tsaki ne makinka. Suna da igiyar awo da suke zagaya ƙirji da ita su kintaci nauyi. Ku a kara ba sikeli, ba igiya, sai dai ido ba mudu ba ya san kima.

A kan hantsa ma ban sami inda zan kama ka ba, abin ya ba ni haushi. Ka ce ba girma ake bi ba. Hantsar kirki ita ce mai laushi, wadda ke saɓulewa ta koma fata bayan tatsa. Wadda ta zauna a cike kuwa bayan an tatse, nama ne ba nono ba. Kawunan nono huɗu su daidaita, jijiyar ƙasan ciki ta fito ta yi kwana-kwana, wuya siriri, fata mai santsi, ƙugu mai faɗi don haihuwa ta zo da sauƙi. Bijimi kuwa ka ce ba shi ake duba ba, uwarsa ake tambaya: ta yi nono? Ta jure rani? Tana haihuwa a kan kari? Har sunan saniya ta wajen uwa kuke jawo shi. Abin mamaki, Agwai, ka san uwar saniyarka da kakarta da kakar kakarta, ka san rijiyar da kowace ta sha, amma ranar da aka tambaye ka shekarar haihuwarka a ofis cewa ka yi shekarar da aka haifi jar nan mai karyayyen ƙaho.

Zuwa nan dai an yi maka adalci. Yanzu mu zo inda muka raba gari: ƙafa da ƙaho.

Ka ce saniya ƙafa ce. Ka ce kyan saniya a hango sararin sama ta ƙarƙashin cikinta, ta kasance doguwa, ja wur mai duhu, ƙaho ya tashi ya buɗe ya lanƙwaso, kai a sama, ido a daji. Duk wanda ya san shanu ya san Bororo kake siffantawa, wadda wasu ke kira Rahaji. Ba na musun kwarjininta. Ƙahonta kan wuce mita guda, kuma idan garkensu ya taso da yamma cikin ƙura, ko Babarbare sai ya tsaya kallo. Na kuma san dalilin wannan yabo. Saniyar da za ta tashi daga Gulbin Kaba da faɗuwar damina, ta wuce Dakwaro, ta haye kwarin Tarka, kaka ta yi ta juyo, rani ya tsananta ta gangara Nijeriya, dole ƙafa ta zama jarinta. A farin 1973 da na 1984, da yawa daga garkunan da suka yi saura tafiya ce ta fisshe su. Ƙahon nan makami ne a daji. Ƙyuyar da take yi wa baƙo, da yadda take bin muryar mai ita kaɗai, su ma tsaro ne. Duk na ji.

Amma zo mu zagaya karar nan ka ji ta bakin wasu, domin ba kai kaɗai Allah ya ba karin magana ba.

Ga manomin ƙasar Agye, ya sayar da aya da riɗi ya zo neman shanun huɗa. Shi ƙirji yake dubawa, ya yi faɗi. Wuya ya zama gajere mai kauri, inda karkiya za ta zauna daram. Ƙafafu gajeru masu ƙwari, kofato ba tsaga, hali kuma ya yi sanyi, yadda yaro ɗan shekara 10 zai ja su zuwa rijiya da amalanke. Ka kawo masa jar nan taka, ka haɗa biyu a karkiya ɗaya, ƙaho ya sarƙe da ƙaho, kafin a kai ƙarshen kunya an karya garma an tsorata unguwa. Shi Bokolo yake so, Gudalin Sakkwato, mai guntun ƙaho da fatar wuya har tana reto, wanda kai kake cewa ya yi kama da mai zaman kashe wando.

Ga kuma baiwar Allah daga Cadawa mai kiwon turke. Ita ramammen sa take nema da gangan, amma mai dogon gadon baya da faffaɗan kwankwaso da baki mai faɗi, alamar ci. Cewa take ƙashi take saye, nama ita za ta sa. Ta ɗaure shi a bayan ɗaki, dusa da harawa da ƴaƴan gawo da ruwan tsari, wata 3 ko 4 ya murje, ta fito da shi kasuwa ta yi kayan ɗakin ɗiyarta. A wurinta doguwar ƙafa asara ce, domin ba inda za shi.

Mahaucin Tibiri ko kallon kai ba ya yi. Ta baya yake zagayowa, ya damƙi cinya, ya danna gadon baya, ya ce ƙaho ba ya shiga tukunya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mai lodin babbar mota zuwa Jibiya, daga can a miƙa kudu har Legas, shi ƙahon nan naka abokin gabarsa ne: yana cin wurin da wani san zai tsaya, sai an ɗaɗɗaure shi a jikin katako, kuma ba a biyan kuɗinsa.

Ka gani ke nan, Agwai. Mutum huɗu, saniya ɗaya, kyau iri huɗu, da naka biyar. Kowa ya tashi faɗin ƙirar saniyar kirki, buƙatarsa yake siffantawa. Mai tafiya ya yabi ƙafa, mai garma ya yabi ƙirji, mai turke ya yabi ƙashi, mai wuƙa ya yabi cinya. Maganganunka gaskiya ne, amma gaskiyar mai sanda ce da ke kan hanya. Kuskurenka ɗaya: kana ɗaukar awon daji kana auna san da aka haifa don ya mutu a turke.

Gwamnati ma tana da nata karin maganar. Tun 1954 ake tace irin Azawak a gidan kiwo na Tukunus, can ƙasar Filinge, ana zaɓen mai nono da nama, matsakaicin ƙaho, jiki ja mai haske da duhu a fuska da ƙafafu. Don kada ka yi fushi, an ware wa jar taka wuri a Fako, cikin ƙasar Dakwaro. Amma saniyar da ma'aikatan kiwo suka fi ƙauna ba ta cikin ko ɗaya. Wata saniya ce ta lissafi, nauyinta kilo 250 cif, tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana, ba ta ƙari, ba ta ragi. Da ita ake auna ko ciyawar bana za ta kai dabbobin ƙasa zuwa damina. Ba ta da launi, ba ta da ƙaho, ba wanda ya taɓa tatsarta, ba ta taɓa shiga gonar kowa ba. Ita kaɗai ce saniyar da ba ka kushe ba, shi ma don ba ta zuwa kasuwa ne.

Yanzu gyara tsayuwa in gaya maka saniya. Ka taɓa ganin Kuri? Ina fa za ka gani, kai da ruwan da ya wuce gwiwa ke sa ka kiran sunan Allah. Can wajenmu take, bakin tafkin Cadi, a hannun Buduma da mu Barebari. Fara ce, ƙatuwa, ƙahonta kumburarre mai kauri tun daga gindi, amma cikinsa ba nauyi. Tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, ga nono kuma. Sannan riƙe sandarka da kyau kada ka faɗi: ba ta da tozo. Duk karatunka na shanu, ka je Difa da shi, a ce maka malam sai ka sake allo. Har wurin adana irinta aka yi a Sayam, domin barbara da shanu masu tozo tana neman shafe ta. Amma ka kawo ta tudun Gazawa cikin watan Afrilu, ka ce ta bi jar taka zuwa Tarka, ko rabin hanya ba za ta kai ba. Sarauniyar tafki ce, kyanta a tafki yake. Ko a nan dai maganata ce ta fito.

Kuma kafin ka buɗe baki, tuna da wanda ke sa gashin shanunka sheƙi. Kantun gishirin da suke lasa daga Bilma da Fashi yake fitowa, mutanenmu ne ke haƙo shi suna zuba shi, Buzaye su ɗauko a raƙuma. Kanwar da kake jiƙa musu, da yawanta daga ƙasar Manga take. Ashe kai kiwo kawai kake yi, gyaran jikin namu ne.

Akwai abin da na lura ba ka son a taɓo. Ƙasar da ta haifi karin maganarka tana tsukewa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. A nan kudu kuwa, daga Gidan Rumji zuwa Gangara, gona ta haɗe da gona. Burtalin da garke ke bi a baje, yau wani wurin sai a jere. In ka cire ƴan dazuzzukan gwamnati irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a ƙasar Agye, ina saniya za ta miƙe ƙafa? Karan hatsi da harawar da a da ake bar maka a gona don ka zauna ka ba da taki, yanzu kwashe su ake yi a ɗora kan itace, a sayar maka da su da bazara. An yi kundin dokokin karkara a 1993, an yi dokar kiwo a 2010, duk don a tsare burtali da mashaya, amma takarda ba ta hana gatari da hauya cin gefe. Shi ya sa na leƙa garken ɗanka na ga farare masu baƙin kunne, na ga wani guntun bijimi mai reton wuya yana yawo a tsakiya. Da na tambaye ka, sai ka ce na baƙo ne aka ba ku ajiya. Ajiyar da maruƙa duk suka ɗauko kamanninta!

Mutanen Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda rikicin gona da kiwo ya ci rayuka sama da 100 a 1991. Wanda ya san wannan ba ya raina faɗan da ake yi da baki a tashi ana dariya. Hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin nan namu na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014, saboda haka zagin da nake maka yanzu da hatimi yake, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Wuri ɗaya ne na ga idon nan naka ya yi ranar da ba ta dillalai ba. Tun wajen 2019 da ɓarayin daji suka addabi bakin iyaka, ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka cika ƙauyukan Gidan Rumji, satar shanu ba ta bar Bafulatani ba, ba ta bar manomi ba. Ka tuna maƙwabcin nan da aka kwance wa shanun huɗa cikin dare. Aka ce ya siffanta su, ya ce farare ne, manya. Shi ke nan iliminsa. Kai da ka gan su sau ɗaya a bakin rijiya, ka ce ɗaya ƙahonsa na hagu ya fi sunkuyawa, kunnen dama da tsaga biyu, gashin wutsiya baƙi da ratsin fari, yana ɗan jan ƙafar baya idan ya juya. Da wannan bayani aka bi dillalai. A ranar ban ce maka komai ba, kada kanka ya kumbura, domin wuyanka ba zai ɗauka ba.

Wannan ya kawo mu ga kai kanka. Tunda ka ce jiki magayi, bari mu shigo da kai kara mu duba ka da dokokinka. Buɗe baki. Giɓi biyu a ƙasa, sauran sun cinye: guzuma. Tozo babu, ko alamarsa. Haƙarƙari ana ƙirga shi ta cikin riga, ba sai an shafa ba. Gindin wutsiya na bar shi, saboda mutuncin uwargida. Ƙirji bai kai tafin hannu biyu ba, manomin Agye ya wuce. Ta Cadawa ta zagaya ka ta ce ko ƙashin ma babu, asarar dusa ne. Mahaucin Tibiri ya damƙi cinya, hannunsa ya haɗe da hannunsa. Ci kuwa, a gaban mutane fulako, ko ruwa sai ka juya baya. Amma an shigar maka da akushin burabusko bayan ƙyaure a gidana, ya fito ba ya buƙatar wanki. Hali: ƙyuya ga baƙo, musamman mai ɗauke da littafin haraji. Ƙafa kaɗai ka ci maki 5. Ashe duk shekarun nan da kake cewa saniyar kirki doguwa ce, siririya, mai kai a sama, mai gudun mutane, kanka kake yi wa kirari. Kada ka ɓata rai, na san wanzami ba ya son jarfa.

Na kuma san amsar da kake shiryawa. Za ka ce cikin Babarbare na ruwa ne, za ka ce zanen fuskata ya fi na san da aka yi wa lalas yawa. Faɗi abinka. Ko ba komai, idan na ɓace za a gane ni.

Ga hukunci. Watan cika-ciki na tafe, kuma bana ba na karɓar sharar ƙwaryar nono. Karsana za ka ba ni, habbanaye, irin yadda kuke yi tsakaninku: ta zauna wurina har ta haihu sau biyu ko uku, maruƙa nawa, uwa taka. Kuma da dokokinka zan karɓa. Manyan haƙora biyu, ba huɗu ba. Ƙugu mai faɗi, kawunan nono daidai, gindin wutsiya a cike, kuma a kawo ta da hantsi kafin a shayar da ita. Zan tambayi uwarta da kakarta, in ka yi mini ƙarya ɗanka zai tona ka. Ƙaho daidai ƙofar gidana, na riga na auna. Idan ta fito mai ƙyuya ce, ba ta sakin nono sai ta ji muryarka, to sai ka ɗauko tabarmarka ka biyo ta: ka riƙe ƙaho, ka yi tatsa, ni in sha. Kuɗin mota kuma kada ka sa rai, Allah ya riga ya ba ka ƙafa.

Ubangidanka,
Babarbaren Gazawa